Gicciyen da Virve Ta Yanka wa Uwarta

Kafin ƙarfe goma na safiyar jana'izar, mutum bakwai sun riga sun ce wa Virve "tubli", ta kuwa rantse a ranta na takwas ɗin da ludayi za ta amsa masa.

Duk wanda ya tashi a Estoniya da nonon uwa ya sha kalmar nan. Yaro ya lashe kwanon kununsa tas, a shafa kansa a ce tubli. Kare ya ɗauko sandar da aka jefa masa, tubli. Tsohon doki ya jawo gungume daga daji bai yi turjiya ba, shi ma tubli. Kalmar ba ruwanta da mace ko namiji, yadda ta zo wa wannan haka take zuwa wa wancan, sai dai ban san abin da ya sa ta fi son sauka a kan mata ba. In ka tambayi malamin makaranta zai ce maka ma'anarta mai ƙwazo, mai himma, wanda ke yin abin da ya kamata ba tare da ƙorafi ba. In kuma ka fi maƙwabcinka iya haɗiye wahala, sai a liƙa mata harafi ɗaya a wutsiya, ka zama tublim. Virve dai ta daɗe da gano fassarar da ba a koyarwa a aji: ci gaba da ɗaukar kayan, mu muna nan muna kallo.

Shekara tara ke nan tana ɗauka. Ranar da ɓarin jikin uwarta Endla ya shanye, Virve ta ajiye aikinta na girki a wata makaranta a garin Võru, ta kulle ɗakin hayarta, ta dawo ƙauye da jaka biyu da niyyar yin wata uku. Shekarunta arba'in da bakwai a lokacin. Ita ce juya mara lafiya, ita ce wanki, ita ce faskare, ita ce kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gida har bakin titi don motar likita ta samu shiga. Endla kuwa ciwo ya cinye mata ƙafa da hannu guda, amma bai taɓa harshenta ba. Akwai cokalin da take ɓoyewa ƙarƙashin matashi, in tana son abu sai ta ƙwanƙwasa bututun murhu da shi, ƙwan ƙwan ƙwan, ko Virve na bakin rijiya sai ta ji.

Ƙaninta Valdur yana Finlan yana yi wa gidajen mutane rufi. Duk Lahadi yakan kira, ya tambayi sanyi, ya tambayi ko dankali ya yi kyau bana, ya rufe da cewa, "Kai, Yaya, ke fa tubli ce." Sau biyu a shekara yake hawo jirgin ruwa ya zo da gahawa da cakulan, ya zauna bakin gadon tsohuwa rabin awa, ita kuma ta yi wata guda tana ba maƙwabta labarin ɗanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Kwana huɗu ke nan da Endla ta cika, kuma abin da Virve ba ta faɗa wa kowa ba shi ne har yanzu tana jin cokalin. Jiya ma da rana tsaka tana jan ruwa ta ji shi sarai, ta saki guga ta ruga ciki, ta tarar da gado a gyare, ba kowa. Ta tsaya tsakiyar ɗakin tana haki, haushin kanta ya turnuƙe ta, don ƙafafunta ne suka kawo ta kafin hankalinta ya ce uffan.

A yankinsu ba a wuce dajin da ke kan hanyar maƙabarta da gawa sai an tsaya. Namijin da ya fi kusa da mamaci zai sauka ya yanka gicciye a ɓawon bishiya, a kurɓi barasa, a ci ɗan abu, sannan a wuce. Tsofaffi sun ce gicciyen nan shi ne iyaka, mamaci in ya ga alamarsa ya san nan zai tsaya, ba zai ƙara bin hanyar gida ba. Virve ta yi makaranta, ba ta yarda da fatalwa ba. Amma ta san uwarta. In dai aka bar kafa ko ta allura ce, Endla sai ta samo hanyar gida. Shi ya sa ta ƙudurta ita za ta yanka gicciyen da hannunta, kuma ta yanka shi har cikin tsokar bishiyar.

Tana jera ƙananan burodi masu cushen nama a kwando sai ga Valdur ya shigo ɗakin girkin, cikin baƙar kwat ɗin da har yanzu shatin ninkinta bai baje ba. A hannunsa akwai wuƙa sabuwa fil cikin kube na fata. Ya zare ta ya ɗaga wajen taga.

"Yaya, dubi wannan. Musamman saboda yau na sayo ta. Ko gashi za ta aske."

"To ka aske gashin da ita," in ji Virve, ba ta ɗago ba. "Ni zan yanka."

"Yanka me? Burodin?"

"Gicciyen Mama."

Valdur ya yi 'yar dariya, ya waiwaya wajen Inna Helju, ƙanwar marigayiya, wadda ke zaune kusa da murhu da sandarta tsakanin gwiwoyi. Shekarunta tamanin da ɗaya, gidanta tafiyar minti goma ce a mota, kuma cikin shekara taran nan abin da ta fi kawowa shi ne kwalbar 'ya'yan itace da shawara.

"Me na ji?" in ji tsohuwar. "Virve, gajiya ce ke magana ko ke ce?"

"Ni ce, Inna."

"Tun da uwata ta haife ni ban ga mace ta yanka gicciye ba. Ga ɗa namiji tsaye, da ƙafafunsa biyu. So kike mutanen ƙauyen nan su samu abin taunawa har bazara?"

"Lokacin da nake ɗaga ta daga gado in ɗora a kujera, ba wanda ya ce aikin namiji ne. Nauyinta kuwa ya fi buhun dankali."

"Wannan daban, wancan daban."

"Da me ya bambanta?"

"Da al'ada!" Inna Helju ta buga sandarta a ƙasa. Sai kuma ta sassauta murya, irin sassautawar da Virve ta fi tsana. "Haba 'yata. Kowa ya san abin da kika yi. Duk gundumar nan ba a samu tubli irinki ba. Kada ki ɓata rawarki da tsalle a ranar ƙarshe."

Na takwas ke nan. Ludayin na nan kan teburi, Virve ta kalle shi, ta kalli furfurar tsohuwar, ta haɗiye. Ta cika ta yi fam, ta ci gaba da jera burodinta. Da suka fita ɗaukar akwatin gawa, ta jawo aljihun teburi ta ɗauko tsohuwar wuƙar babansu, wadda wasawa ta cinye rabin faɗinta, ta naɗe a tsumma ta tura cikin jakarta.

Motoci biyar ne suka bi motar gawar, a hankali, cikin yayyafin watan Oktoba. An watsa rassan itace masu kore daga ƙofar gida har titi, tayoyi na bi ta kansu suna dannawa cikin taɓo. Virve na zaune gaba kusa da Valdur, jakar a cinyarta. Bai daina magana ba. Rufin gidan yana bukatar gyara, in ji shi, ya lura da wani wuri ta gefen bututun hayaƙi. Shekara uku ke nan Virve na tara ruwan wurin da bokiti.

A bakin dajin motoci suka tsaya, mutane suka firfito suna gyara huluna. Dogayen bishiyoyin nan masu ganye kamar allura sun yi layi a gefen hanya, kusan kowace da gicciye a jikinta, wasu sababbi farare, wasu sun yi baƙi ɓawo ya fara haɗiye su. Valdur ya shiga gaba da wuƙarsa, ya tsaya gaban wata, ya matsa gaban wata, ya dawo.

"Wacce ce ta Baba ma?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Kai ka yanka ta," in ji Virve. "Da hannunka."

"Shekara ashirin fa, Yaya. Daji ya canza."

Ta wuce shi ta dafa bishiyar, ta huɗu daga dutsen kan iyaka. Gicciyen babansu na nan sama da kanta kaɗan, in ba ka san wurin ba sai ka ɗauka tabo ne kawai. Ko a wancan lokacin da hannun tsoro Valdur ya yanka shi.

Ya tsaya gaban wannan bishiyar, ya tattare hannun kwat ɗinsa don kada ƙaro ya ɓata ta. Ya ɗora bakin wuƙar ya ja layi ɗaya daga sama, ya ja wani a gicciye. Bai fi tsawon ɗan yatsa ba, kuma ko farin itacen bai fito ba, ɓawon sama kawai ya kankare. Ya ja da baya, ya share wuƙar da hankici, ya sunkuyar da kai. Maƙwabcinsu Ilmar, wanda ya tuƙo motar gawa, ya fara buɗe kwalbar barasa.

"Rufe kwalbar nan, Ilmar," in ji Virve.

Kowa ya juyo.

"Valdur, mene ne wannan?"

"Gicciye mana."

"Wannan? Kaza in tana tonon tsutsa ta fi ka zurfi. Damina biyu ɓawo zai rufe shi ruf. Da wannan za ka tsayar da Endla? Matar da ƙofa biyu a rufe ba ta hana muryarta isa rijiya?"

"Yaya, don Allah, mutane na kallo."

"Su kalla! Ai sun ƙware. Shekara tara suna yi."

Ta buɗe jaka ta warware tsumman. Inna Helju ta taho da sauri fiye da yadda kowa ya san tana iyawa, ta tare gaban bishiyar da sandarta.

"Virve, ki ji tsoron Allah. An riga an yanka. Ba a yanka wa mutum ɗaya sau biyu, kuma ba mace ba. Ke da kowa ke misali da ke, ke da kike tub..."

"Inna, in kika ƙarasa kalmar nan, na rantse sai na zauna a taɓon nan na ƙi tashi, ku binne ta ku kaɗai."

Virve ta juya ga sauran mutanen.

"Kun san sau nawa na ji ta? A shago, a coci, a ɗakin magani, a waya. Ba wanda ya taɓa faɗinta yana cire riga zai kama mini aiki. Kullum mai faɗinta hularsa na kansa, hannunsa na kan ƙofa. Ita ce sallamarku! Da ita kuke rufe mini baki, don wadda aka ce wa tubli ba ta da damar cewa wayyo."

"Da kin faɗa ai da na zo," in ji Valdur. Fuskarsa ta yi ja har kunne. "Ba ki taɓa cewa in zo ba. Kullum sai ki ce komai lafiya."

Nan ne tura ta kai bango. Virve ta juyo gare shi gaba ɗaya, da wuƙar a hannunta, har Ilmar ya ɗan matso.

"Ban faɗa ba? Shekara ta uku, watan Fabrairu, bayana ya riƙe, da rarrafe nake zuwa wurinta. Na kira ka ranar Talata, ba Lahadi ba. Na ce Valdur, na kasa, ka zo ko mako biyu ne. Ka tuna abin da ka ce?"

Valdur ya kau da kai.

"Faɗa musu mana. Ai kana da baki."

"Aiki ne ya yi yawa lokacin..."

"Ka ce, 'Ke ai tubli ce, Yaya, za ki iya.' Ka kashe wayar. Ni kuwa na iya ɗin. Da rarrafe na iya. Tun ranar ban sake roƙon kowa ba, ku kuma kuka ce kun ga, ba ta ma bukatar taimako."

Ruwa na ɗiga daga rassa kan hulunan mutane. Wata mata daga coci ta sunkuyar da kai tana duban takalminta. Valdur ya mayar da sabuwar wuƙarsa cikin kube, sau biyu yana kuskuren bakin kuben.

Inna Helju ta share ido da bayan hannu. "Na gane, 'yata," ta ce. "Ƙauna ce. Kina so ki yi mata na ƙarshe da hannunki. Allah ya ga zuciyarki."

Da Virve ta yi shiru a nan, da an tashi lafiya. An ba ta ƙofar fita mai kyau, kowa zai koma gida ya ce ɗiyar Endla ƙauna ce ta rufe mata ido. Amma ta gaji da kyawawan ƙofofi.

"Ba shi ba ne, Inna. So nake kada ta dawo."

"Virve!"

"Na ce so nake kada ta dawo! Ina ƙaunarta, Allah ya sani, amma na gaji da ita. Na gaji da warin ɗakin, na gaji da miyar da kullum gishiri ya yi yawa ko ya yi kaɗan, na gaji da jin sunana. Shekaruna hamsin da shida. Ina so in zauna in sha shayi har ya ƙare yana da zafi. Ta tsaya nan wurin Baba, ta ƙwanƙwasa masa cokalinta. Matsa mini, Inna."

Tsohuwar ta dube ta. Ita ma fa ta yi jinyar miji shekara huɗu, ba wanda ya manta, kuma ita ma an ce mata abin da ake cewa. Ta sauke sandar, ta ja gefe, ta juya wa bishiyar baya don kada a ce ta gani.

Virve ta ɗora wuƙar kan kankarar da Valdur ya yi, ta danna da hannu biyu. Ɓawon ya yi tauri, amma hannun da ya yi shekara tara yana faskare bai san wannan a matsayin aiki ba. Ta ja daga sama zuwa ƙasa, ta sake ja ta gefensa, ta ɓamɓare tsakiyar. Farin itace ya bayyana, tsawon tafin hannu biyu, zurfinsa yatsa zai shige. Ƙamshin ƙaro ya tashi. Da kowane ja tana jin wani abu na fita daga ƙirjinta, har da ɗan gurnani take yi, ba ta damu da wanda ya ji ba.

Saura na gicciye. Ta ɗora wuƙar daga hagu, sai hannun ya tsaya.

Ba gajiya ba ce. Layi ɗaya ba ya tsare kowa, wannan na biyun shi ne rufewa. Ta waiwaya wajen motar, inda akwatin ke kwance ƙarƙashin furanni, ɗan ƙarami, don Endla ta ƙare ƙwarai a shekarar ƙarshe. Wannan matar ce ta goya ta zuwa gonar gwamnati cikin sanyin asuba, ita ce ta koya mata riƙon wuƙar nan. Gidan da za a hana ta komawa kuwa ita ta share shi shekara sittin. Baƙin ciki ya taso wa Virve ya haɗu da fushin.

Valdur ya matso a hankali. "Yaya, kawo in ƙarasa miki."

"Kada ka taɓa."

Ta share hanci da hannun riga, ta gyara tsayuwa, ta danna. Ta yanka shi da zurfi daidai da na farko, ba ta rage ko kaɗan ba. Ɓawon ya faɗo kan takalminta. Gicciyen ya fito fari tas, ana hango shi daga titi, ya fi duk na dajin girma.

Ilmar ya zuba barasa a ƙananan kofuna, aka zagaya da kwandon burodi. Mutane suka sha suka ci a tsaye, kowa idonsa a wani wuri daban. Ba wanda ya yaba mata, ba wanda ya zarge ta. Ɗaya bayan ɗaya suka koma motocinsu, aka fara tayar da injuna, fasto na jira a maƙabarta.

Virve ta rage ita kaɗai gaban bishiyar. Ta naɗe wuƙar ta mayar jaka, ta kakkaɓe ɓawon da ke rigarta. Har ta juya za ta tafi, sai bakinta ya buɗe da kansa, da muryar da take yi duk lokacin da za ta fita daga ɗakin, hannunta a kan ƙofa.

"Mama, akwai abin da kike so kafin in tafi?"

Ta tsaya tana jira, kanta a ɗan karkace, yadda ta saba, don kullum akwai abu: ruwa, ko matashi, ko taga. Ta jira har Valdur ya danna mata oda daga titi. Ba a ce mata komai ba.